Me Ya Hana Bas Zama a Kano? Mu Duba Daga Bakin Kwari

Duk ɗalibin da yake leƙa Kantin Kwari bayan lacca, ko don taya Baba tsaron shago ko don neman na kashewa, ya san yadda titin IBB yake komawa idan an doshi magariba. Ana rufe shaguna, 'yan dako na turo diloli a baro, 'yan adaidaita sahu sun yi layi uku a inda aka yi don layi ɗaya, kowa na danna hon. Daga Kwari zuwa Bata, wani lokacin mai tafiya a ƙafa sai ya riga ka isa.

A cikin wannan cunkoson ne za ka ji wani ya ce, "Wai me ya hana a kawo mana manyan bas kamar na Legas?" Nan take na kusa da shi zai amsa, "Kai, nan fa Kano ne. Wa zai bar matarsa ta cakuɗa da maza?" To, shin da gaske addini da al'ada ne suka hana bas zama a garin nan? Bari mu bi maganar daki-daki.

Yadda muka zo nan

Yayyenmu sun san Kano ta hayis da tasi da acaɓa. Kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran Bata, Yankura, Kabuga. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, hawan mata a bayan acaɓa ya zama abin magana. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, Hisbah ta fito aiwatarwa, aka kuma kawo babura masu ƙafa uku don mata su samu abin hawa. Sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin, wato A Daidaita Sahu, shi ne ya bi babur ɗin har yau.

A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni. Daga nan adaidaita ta zama ta kowa, mace da namiji. Tana shiga lungu, tana tsayawa duk inda ka ɗaga hannu, sai hayis ta yi ta ja da baya.

Ka lura da abu ɗaya a wannan tarihin. Damuwa da mutuncin mata ba ta kashe sufurin jama'a ba, sabon abin hawa ma ta haifar. Abin da ya karya hayis shi ne an samu wanda ya fi ta saurin ɗauka da saukewa.

Lissafin hanya

Adaidaita na ɗaukar mutum uku a baya, a matsa a sa na huɗu kusa da direba. Babbar bas guda tana iya ɗaukar mutum 60, na zaune da na tsaye. Ke nan bas ɗaya ta tsaya a madadin adaidaita 15. Ka jera adaidaita 15 a gaban Kwari ka ga filin da suka ci, ka ƙirga injina 15 da ke shan mai suna fitar da hayaƙi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Kuɗin man nan daga aljihun fasinja yake fita, kuma raba shi tsakanin mutum 60 ya fi raba shi tsakanin mutum huɗu sauƙi.

Amma fa akwai sharaɗi. Bas ɗin da ta maƙale a cunkoso ta fi adaidaita wahala, don ita ba ta iya kurɗawa. Shi ya sa da Legas ta fara tsarin da ake kira BRT a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, sai da ta ware wa bas layinta a kan titi, aka sa shinge don kada wata mota ta shiga. Ba ta tsayawa sai a tasha, kuma wata na bin wata ba tare da dogon jira ba. Sirrin ke nan: hanya ta kanta, tasha sananniya, da lokaci tabbatacce. Sayen motar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin.

Darasin 2022

A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta fito da motocin Kanawa, bas 100 da tasi 50, don su riƙa bin layin Jogana zuwa Yankura zuwa Janguza. Aka sanar cewa daga 30 ga Nuwamba an hana adaidaita bin wasu manyan tituna, ciki har da hanyar Tal'udu zuwa Gwarzo. Jama'a suka yi cirko-cirko a bakin titi, koke ya yi yawa, ba a je ko'ina ba gwamnati ta janye dokar.

Babu wanda ya ƙi hawa don addini. An dai cire wa mutane abin da suka saba da shi kafin sabon ya tsaya da ƙafarsa. Hausawa sun ce kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari. Wanda kuma ya tuna yajin aikin 'yan adaidaita na Janairun 2022, lokacin saɓaninsu da KAROTA kan kuɗin rajista, ya san irin takun da ɗalibai da 'yan kasuwa suka sha. Garin da ya dogara da abin hawa iri ɗaya, ranar da ya tsaya, kowa ya tsaya.

Masu riƙo da addini ma suna hawa bas

Akwai misali daga Amurka da ya dace da mu. Jihar Utah cibiyar mabiya cocin Mormon ce, mutane masu riƙo da addininsu da iyali, masu ra'ayin mazan jiya a siyasa, waɗanda ba sa son gwamnati ta yawaita kashe kuɗin haraji. Duk da haka, a watan Agustan 2018 aka buɗe layin bas mai suna UVX tsakanin garuruwan Provo da Orem. An yi ta jayayya kafin a gina shi, amma an ware masa layi a wani ɓangare na titin, aka bi da shi ta manyan jami'o'i biyu, ɗaya ma ta cocin ce, kuma a shekarun farko hawa kyauta ne. Ɗalibai suka zama ƙashin bayan fasinjojinsa.

Ba wa'azi aka yi musu su canza ɗabi'a ba. An tsara motar ne ta dace da rayuwarsu. Mu ma haka za a yi. Bas mai ƙofa biyu tana ba da damar mata su shiga ta gaba su zauna a ɓangarensu, maza ta baya. A jirgin ƙasan birnin Alƙahira akwai taragun mata zalla, an daɗe ana yi. Tsakani da Allah, wane ya fi kare mutunci: kujerar da aka ware wa mace, ko matsatsin bayan adaidaita da baƙon namiji?

Abin da Kwari take buƙata

Kwari ba ofis ba ce. Hajiyar da ta zo daga Maraɗi ko Zariya sarin atamfa da shadda ba za ta koma da jakar hannu kaɗai ba. Duk bas ɗin da ba ta da wurin ajiye kaya ta rasa rabin fasinjojin Kwari, da na Singa, da na Kasuwar Sabon Gari. Sannan sai an samo filin tasha a yankin da kowane taku ya zama shago ko tebur. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna da shugabannin kasuwa.

Sai babbar magana, 'yan adaidaita. Da yawansu magidanta ne, wasu ma abokan karatunmu ne da ke biyan kuɗin makaranta da balas. Tsarin da zai kore su ba zai kai labari ba. Wanda zai yi aiki shi ne na rabon aiki: bas ta ɗauki dogon zango a manyan tituna, adaidaita ta kwaso mutane daga lungunan Fagge, Kurna da Ɗorayi ta kawo su tasha. Wasunsu kuma a horar da su tuƙin bas da gyaranta.

Namu rabon

Mu ɗalibai mun fi kowa dacewa da bas, don lokacin fitarmu sananne ne, hanyarmu ɗaya ce kullum, aljihunmu kuma ba nauyi. Ƙungiyar ɗalibai za ta iya farawa da abin da ke hannunta: a tattara bayanin unguwar da kowa ke fitowa da abin da yake kashewa a mako, a kai wa hukumar makaranta da ma'aikatar sufuri, a nemi rangwame da katin shaidar ɗalibi. Masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ga shi nan a ƙofar gida: ku tsaya a bakin Kwari ku ƙirga abin hawa da fasinja, ku zana inda tasha za ta zauna.

Gobe idan cunkoso ya riƙe ka a titin IBB, ƙirga adaidaitan da ke gabanka, ka raba da 15. Adadin bas ɗin da za su kwashe ku gaba ɗaya ke nan.