Tsare Kayan Sauti na Gida daga Jijjiga: Ina Amfaninsa Ya Tsaya?

1.0 Gabatarwa

Masu sayar da kayan sauti sukan tallata ƙafafun roba da sifirin da ƙusoshi masu tsini, su ce duk na'urar da aka ɗora a kansu sautinta zai gyaru. Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu rarrabe inda zancen yake da tushe a kimiyya da inda ya zama romon baka, don kada mai saye ya zubar da kuɗinsa a banza.

2.0 Ƙa'idar Tsarewa

Duk abu mai nauyi da aka ɗora bisa sifirin yana da saurin lilo nasa na kansa. Ana auna wannan sauri da Haz, watau yawan kai da komo a daƙiƙa guda. Sifirin ba ya fara tare jijjiga sai saurinta ya wuce ninki 1.4 na saurin lilon. In kuwa saurin biyu ya zo daidai, ƙaruwa jijjigar take yi. Da yake kunnen ɗan Adam yana ji daga Haz 20 zuwa 20,000, wajibi ne lilon ya yi ƙasa da Haz 20 sosai. Roba mai tauri a ƙarƙashin na'ura marar nauyi ba ta cika wannan sharaɗi. Ƙusoshi kuwa haɗe na'ura da daɓe suke yi, ba raba su ba.

3.0 Inda Tsarewa Take da Tasiri

Na farko shi ne garmaho. Aikin allurarsa shi ne mayar da motsi ya zama lantarki, kuma ba ta iya bambanta motsin da ke cikin zanen faifai da wanda ya taso daga tebur. Idan lasifika ta girgiza daɓen katako, allura ta ɗauka, amfilifaya ta ƙarfafa, lasifika ta sake fitarwa, to sai a ji gurnani. Wannan matsala ce kamfanin Acoustic Research na Amurka ya magance a 1961, da ya ɗora mazaunin faifai da hannun allura bisa sifirin uku.

Na biyu shi ne amfilifaya mai bawul na gilashi. Siraran ƙarafan da ke cikin bawul suna motsi in an girgiza su, har a ji ƙara a lasifika idan an ƙwanƙwasa gilashin.

Na uku ita ce lasifikar kanta. Idan aka ajiye ta bisa kanta ko tebur marar kauri, katakon yakan kama rawa, ya ƙara wa sautin amon da babu shi a faifai.

4.0 Inda Tasirin Ya Yi Ƙaranci

Amfilifaya mai tiransista ba ta da allura ko bawul, saboda haka jijjigar ɗaki ba ta cika samun ƙofar shiga sautinta ba. Shi kuma faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, lambobi ake karantawa a cikinsa, kuma akwai tsarin gyaran kuskure. Jijjiga mai ƙarfi takan sa shi tsallake, amma 'yar kaɗan ba ta canza lambobin. Mu lura kuma cewa wanda ya kashe kuɗi yakan ji abin da yake sa ran ji. Shi ya sa masana suke gwaji ba tare da mai sauraro ya san abin da aka canza ba.

5.0 Kammalawa

Bisa ga bayanan da suka gabata, tsarewa tana amfani ne inda motsi yake iya zama sauti. Muna ba da shawarar gwaji mai sauƙi: a sauke allura bisa faifai yana tsaye, a ƙara murya sannu a hankali, a ƙwanƙwasa teburin. In an ji bugun da ƙarfi a lasifika, akwai gyara. Sau da yawa kanta da aka kafe a bangon bulo, nesa da lasifika, ta wadatar.