DALLA-DALLA: Abin da ke biyo bayan tiyatar hanci, daga gadon asibiti zuwa gida a Gumel

Tiyatar hanci ba ta cika wuce awa 1 zuwa 3 ba, amma warkewarta na cin makonni, wani lokacin ma watanni. Mutumin Gumel, Maigatari, Gagarawa ko Sule Tankarkar akasari a wani gari ake yi masa aikin, domin ƙwararrun likitocin kunne, hanci da maƙogwaro sun fi taruwa a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse. Jinyar kuwa a gida ake yin ta, nesa da likitan da ya yi aikin. Don haka wajibi ne majinyaci da masu kula da shi su iya bambance wahalar da aka saba gani da alamar da ke buƙatar komawa asibiti nan take.

Ire-iren aikin

Akwai miƙar da guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci biyu, idan ya karkace har yana toshe numfashi. Akwai cire tsiron nama a cikin hanci, da buɗe kogunan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska idan ƙwayoyin cuta sun zauna a cikinsu. Sai gyaran karayar karan hanci, wadda haɗarin babur, faɗa ko ƙwallo ke jawowa. Ita wannan an fi samun sauƙin gyara ta cikin mako 2 na farko, kafin ƙashin ya kama a karkace, saboda haka jinkiri a gida na iya mayar da ƙaramin aiki babba.

Kwanakin farko

Da zarar maganin barci ya sake shi, majinyaci zai ji hancinsa a toshe. Sau da yawa likita kan cusa auduga ta musamman don tsayar da jini, a cire ta bayan kwana 1 zuwa 3. Da baki zai riƙa numfashi, wanda ke busar da leɓe da maƙogwaro, don haka ya riƙa kurɓar ruwa akai-akai.

Ɗigar jini gauraye da majina na 'yan kwanaki ba abin tashin hankali ba ne. Kumburi kan kai ƙololuwa a rana ta 2 ko ta 3, sannan ya fara sacewa. Idan an taɓa ƙashi, ƙasan idanu kan yi baƙi, ya washe cikin kimanin mako 2. Wasu kan ji haƙoran sama na gaba ko tsinin hanci sun yi dundurus, wasu kuma jin ƙamshi ya ragu. Akasari duk wannan na dawowa daidai a hankali.

Robar da ake sawa a ciki ko abin tallafin da ake mannawa a waje, ana cire su ne bayan kimanin mako 1. Ƙashi na buƙatar kusan mako 6 kafin ya haɗe, siffar hancin ta ƙarshe kuwa tana iya ɗaukar shekara guda kafin ta zauna.

Abubuwan kiyayewa

Kada a fyace hanci na tsawon mako 1 zuwa 2, ko iya wa'adin da likita ya ɗiba. Idan atishawa ta zo, a buɗe baki a sake ta. A kwanta rigingine tare da ɗaga kai da filo biyu ko uku. A guji ɗaukar kaya mai nauyi, jan guga, noma da duk aikin da ke sa sunkuyawa. Wanda aka taɓa wa ƙashi ya haƙura da ƙwallo, kuma kada ya ɗora tabarau a karan hanci har sai likita ya amince.

Batun ibada na damun mutane da yawa. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a alwala, ba farilla ba, don haka barinsu saboda lalura ba ya ɓata ta. Sujada kuma na tara jini a kai, wanda kan iya tayar da haɓo a kwanakin farko. Shari'a ta sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune, yana nuni.

Ƙura, hayaƙi da magani

Arewacin Jigawa yanki ne mai yashi da busasshiyar iska, musamman a hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan iska na busar da cikin hanci, tasono ya kafe a kan rauni, hannu ya kai wajen ɓanɓarewa, jini ya ɓalle. Maganin wannan shi ne wanke hancin da ruwan gishiri, daga ranar da likita ya ce a fara. Idan a gida za a haɗa, a yi amfani da tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda.

A sanya takunkumi mara matsewa idan fita ta zama dole. Ɗan kasuwa ya ɗan jingine kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda dabbobi ke tayar da ƙura. A nisanci hayaƙin murhu, turaren wuta, sigari da shisha, domin taba na rage gudanar jini zuwa raunin da ke warkewa. Kada a ɗiga mai ko shaƙa garin magani, kowane iri ne.

Haka nan kada a saya wa majinyaci Aspirin, Ibuprofen ko Diclofenac a kemis ba tare da izinin likita ba, domin suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ne aka fi bayarwa. Mai hawan jini, ciwon suga ko sikila ya tabbatar likita ya sani tun kafin aikin.

Alamomin haɗari

Idan haɓo ya ɓalle, majinyaci ya zauna, ya ɗan karkato kai gaba, kada ya ɗaga shi baya har ya haɗiye jinin. Idan bai tsaya cikin minti 10 zuwa 15 ba, a nufi asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Gumel, kada a jira wayewar gari don tafiya Kano.

Haka ma idan aka ga zazzaɓi mai zafi, mugunya mai wari, ko zafin da ke ƙaruwa tare da toshewar hancin gaba ɗaya, wanda kan nuna jini ya taru a jikin guringuntsin, kuma barinsa na iya sa karan hanci ya lotsa. Mafi tsanani su ne dishi-dishin gani, kumburin ido mai ƙaruwa, sanƙarewar wuya da matsanancin ciwon kai, ko ruwa garau mai ɗanɗanon gishiri da ke ta ɗiga ta ƙofa ɗaya. Wannan na ƙarshe na iya zama ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa.

Kafin a baro asibiti

A karɓi takardar sallama mai ɗauke da sunan aikin da aka yi, da ranar dawowa, da lambar da za a kira cikin dare. A kuma tanadi kuɗin motar komawa tun da wuri, domin a waɗannan ziyarce-ziyarce ne likita ke share cikin hancin, ya hana raunin mannewa.

Nan ne batun ya shiga fagen siyasa. A 2001, shugabannin Afirka sun amince a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. A 2022 kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora ga kowane ɗan Najeriya, yayin da Jigawa ke da tata hukumar, JICHMA. Haƙƙin matasan masarautar Gumel ne su tambayi wakilansu: ayyukan hanci nawa inshorar ke biya, kuma wane tanadi aka yi don ƙwararren likita ya riƙa duba waɗanda aka yi wa aiki a kusa da gida? Manomin Sule Tankarkar da ya sayar da akuya ya biya kuɗin tiyata zai iya asarar amfanin aikin idan ya rasa kuɗin motar komawa wurin likita.