Kwamfuta Na Zaune, Batir Na Ƙarewa

Yau zancenmu a kan kwamfutar nan ta ɗorawa a cinya ne, wadda ake kira laftof. Tun daga 2015, da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, iyaye da yawa sun ƙoƙarta sun saya wa 'ya'yansu don su saba da ita. To amma ga abin da kan faru. Yarinya ta cika batir da rana, ta bar kwamfuta a buɗe ta tafi taya uwa girki. Bayan Isha'i ta zo karatu, an ɗauke wuta, batir kuwa saura ƙiris. Sai a ce ai ya lalace, a shiga neman kuɗin sabo.

'Yar'uwa, kafin ki kwance bakin zane, ki san cewa kwamfuta tana cin wuta ko da ba a taɓa ta. A cikinta akwai wani ɗan falle da bai kai akwatin ashana ba, ana ce masa furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. In yana aiki mai nauyi yakan ci wat 15 zuwa 45. In ba aiki sai ya yi gyangyaɗi, ya kashe wasu sassan jikinsa, ya farka, ya sake komawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Iyakar zurfin barcinsa, iyakar daɗewar batirinki.

Ga lissafin. Batirin yawancin laftof yana ɗaukar abin da zai ba da wat 40 zuwa 60 na tsawon awa guda. Mu ɗauka naki mai 50 ne. In kwamfuta na cin wat 5 a zaune, awa 10 ke nan. In wani abu ya hana furosesa barci har ta koma cin wat 10, kin tashi da awa 5. Rabin caji ya tafi, ba a karanta ko shafi ɗaya ba.

Me ke hana shi barci? Shafukan intanet da aka buɗe aka manta, musamman masu hoto mai motsi da talla. Manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna. Waya ko wani abu da aka bari a jone. Kamar mai jego ce, da ta runtsa sai a tashe ta. Hasken fuskar kwamfutar shi ma babban maci ne, sau da yawa ya fi furosesa mai barci ci.

Saboda haka ki lura da yadda kike barin ta, kamar dai yadda kike yi da murhu. In za ki dawo nan da ɗan lokaci, ki danna inda aka rubuta Sleep. Wannan rufe garwashi da toka ne, wuta na nan amma ba ta cin itace sosai. In sai gobe ne, ki zaɓi Hibernate, ta adana aikinki ta mutu, ko kuwa ki kashe ta gaba ɗaya. Kada ki dogara ga rufe murfi kawai ki jefa a jaka. Wasu kwamfutocin Windows na zamani sukan ci gaba da hulɗa da intanet cikin barcin, sai ki ciro ta da zafi, batir ya zube.

Zafi kuwa maƙiyin batir ne. Kada a ɗora ta kan katifa ko filo, don suna toshe kafofin shan iskarta, balle a watannin Maris da Afrilu. Tire ko ɗan katako ya isa. Kada kuma a riƙa barin batir ya ƙare ƙarƙaf kafin a sa caji.

In sayayya za ki yi, ki tambayi shekarar furosesa, ba kyan jiki kaɗai ba. A 2013 kamfanin Intel ya fito da samfurin Haswell, wanda ya rage cin wuta a zaune ƙwarai. A 2020 kamfanin Apple ya fito da M1, ya ce MacBook Air mai shi na iya kai awa 18 ana kallon bidiyo. In ta hannu ce, ki sa mai kanti ya cika ta, ya zare waya, ki zauna rabin awa ki ga nawa ya ragu. Yau da gobe ba ta bar komai ba, batir ma yana tsufa.

Ke kuma 'yar makaranta, kuɗin da aka sayi kwamfutar nan gumin iyayenki ne. Ki rage haske, ki rufe abin da ba ki buƙata, ki sa ta barci in za ki tashi. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, amin. Sai mun sake saduwa.