Idan Maganin Farfaɗiya Ya Ƙara Ciwon

Mai karatu, kalmar farfaɗiya guda ɗaya ce a bakinmu, amma a wurin likitoci ciwon iri-iri ne. Akwai mai faɗuwa yana jijjiga, wanda kowa ya sani. Akwai yaron da zai yi shiru ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, malaminsa ya ɗauka rashin mai da hankali ne. Akwai kuma matashin da hannuwansa ke zabura da safe bayan ya tashi daga barci, har kofin shayi ya suɓuce masa.

Kowane iri da maganinsa. Kabamazafin, wanda aka fi sani da Tegretol, yana aiki sosai a kan farfaɗiyar da ke tasowa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa. To amma idan aka ba mai ƙura ido ko mai zaburar safe, yana iya sa ciwon ya riƙa tashi fiye da da. Haka ma fenitoyin, wanda ko ga wanda ya dace da shi, in ya yi yawa a jini yana iya tayar da ciwon.

Me ke kawo haka? Misali mafi bayyana shi ne farfaɗiyar jarirai da wata likita Bafaranshiya, Charlotte Dravet, ta bayyana a 1978. A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke tura saƙo, akwai masu taka musu birki. A wannan ciwo, ƙofofin sinadarin sodiyom na masu taka birkin ne suka raunana. Kabamazafin da lamotirijin kuwa aikinsu toshe irin waɗannan ƙofofi ne, sai birkin ya ƙara lalacewa.

Abin tsoron shi ne abin da dangi kan yi in sun ga haka. Wasu su ƙara ƙwaya da kansu, wasu su watsar da maganin su ce ai iskoki ne. Daina magani farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, har a rasa rai. Likita kaɗai zai sauya magani, a hankali.

Mu ɗaliban harshe abin ya shafe mu, domin sau da yawa mu ake kira tafinta a asibiti. Likita ba kasafai yake ganin ciwon yana tashi ba, da bayanin dangi yake aiki. In uwa ta ce "yakan zabura da safe", kada tafinta ya taƙaita ya ce "yana farfaɗiya".