Inda Mutanen Unguwa Ke Zama Da Dare A Birnin Kebbi Da Argungu

Tun zamanin da aka fara aika malamai da ma'aikatan En'e zuwa Ingila don ƙaro ilmi, akwai wani labari da kusan kowannensu ya kan komo da shi. Su kan ce a can da wuya ka shiga unguwa ba ka tarad da wani gida ba inda mutanen unguwar ke taruwa in an tashi daga aiki. A ciki a kan sayad da giya da abinci, da lokacin ɗari a hura wuta, mai wurin kuwa ya san kowa da sunansa, ya san abin da ya ke sha da kujerar da ya saba zama. Sunan da Turawa suka ba wurin nan da harshensu, ma'anarsa gidan jama'a. To, mu sunan nan shi ya tsaya mana a rai, gama ya nuna jama'ar ce ke jawo mutum can, abin sha yana bin baya.

Saboda haka muka ce bari mu duba nan gida, a Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin Jihar Kebbi a 1991, da kuma Argungu, mai nisan wajen mil 30 daga gare ta. In an idar da sallar lisha, ina akawu da malamin makaranta su ke zama? Balle baƙo wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ya bar iyalinsa a Yawuri ko Zuru, ba shi da zauren da zai shiga, ba kuma wanda zai aiko masa da akushi.

Yadda giya ta zo, da yadda ta ja da baya

Kada mu ruɗi kanmu mu ce ƙasar nan ba ta taɓa sanin giya ba. Maguzawa da sauran masu bin al'adun gargajiya sun san dafa ta tun kaka da kakanni, kuma aikin mata ne. A kan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, sa'an nan a bar ta ta kwana ta tashi. Aikin ya kan ci kwanaki, amma burkutun da aka samu ba ya jure ajiya, kwana ɗaya ko biyu ya yi tsami. Wannan shi ya sa shanta ya zama abin taro. Ran da tukunya ta nuna dole a kira mutane, a zauna a gindin itace, ƙwarya tana zagawa. Malaman jihadi sun yi wa'azi ƙwarai a kan barinta, bayan kuwa Birnin Kebbi ta faɗa hannun rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a 1805, sai ta zama abin ƙauye da bayan gari.

Da Turawa suka zo, ba su buɗe mata ƙofa ba kamar yadda waɗansu ke zato. A 1890 ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Burasal, babban birnin Beljiyam, cewa ba za a shigad da barasa mai ƙarfi ƙasashen Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya riƙe wannan a Nijeriya ta Arewa tun daga 1900. Giyar kwalba daga baya ta zo. An fara yin Star a Ikko a 1949, aka buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963. Hanyar jirgin ƙasa ta fi bi, ta sauka a Sabon Garin Kano da na Zariya. Jirgin kuwa da ya nufo yamma a Ƙauran Namoda ya tsaya a 1929, bai ƙaraso kwarin Rima ba, shi ya sa Birnin Kebbi da Argungu ba su sami Sabon Gari mai girma irin na waɗancan birane ba.

Duk da haka dattawa a garuruwan Arewa ba su manta da gidajen nan na bakin gari da a ke kira otal ba, masu fitila ja da kore, da garmaho ko mai goge, da farfesun kayan ciki mai yaji wanda a ke yi musamman don ya sa ƙishirwa. Ma'aikaci nawa albashinsa ya narke a can tun wata bai kai goma ba? Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta sa hukunci a kan Musulmin da ya sha. Sa'an nan a shekarar 2000 Jihar Kebbi ta bi sahun Zamfara ta kafa Shari'a, a zamanin Gwamna Adamu Aliero. A jihohin da suka yi haka, abin da ya saura na sayad da giya a fili galibi ya koma kasuwannin barikin soja da a ke kira Mami.

Mu ba mu yi kukan rufe gidajen nan ba, matan ma'aikata da yawa ma sun yi hamdala. Amma doka kwalba ta ɗauke. Bukatar mutum ya sami inda zai zauna da 'yan'uwansa bayan wahalar yini tana nan inda ta ke.

Teburin mai shayi

Wanda ya ɗauki nauyin nan, ba tare da kowa ya naɗa shi ba, shi ne mai shayi. Bi ta Nasarawa ko Badariya ko Rafin Atiku da dare, za ka gan shi a bakin titi: tebur dogo, benci biyu ko uku, babbar tukunyar ruwan zafi a kan wuta, gwangwanayen madara da Bournvita an jera su kamar ganuwa, burodi a gefe, ƙwai a cikin kwali. Dubi yadda ya ke sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba ɗigon da ke zuba. Ya san wanda likita ya hana wa sukari, ya san wanda ke son kauri, ya san wanda in ya ce a soya ƙwai biyu to yau an yi albashi. Taliyar Indomie ta shigo teburin daga baya, yanzu kuwa ita ce tuwon daren ɗalibai da gwauraye. Kusa da shi da wuya a rasa mai tsire da balangu, hayaƙinsa yana kiran mutane tun daga nesa. A wata kusurwa kuma ga masu shayin Buzaye da 'yar butarsu a kan gawayi, ana zuba shi sau uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, don dai hira ta yi tsawo.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne benci ba ya tambayar muƙami. A ofis masinja ba ya zama gaban babban akawu. A nan kafaɗarsu tana gogar juna, kuma in gardama ta tashi a kan farashin buhun shinkafa, manomin fadama shi ne malami, mai digiri ya yi shiru ya saurara. Bafillace ya sami Babarbare ya ce ga bawansa ya zo, Bagobiri ya ja Bayarabe da tsiya, a yi dariya a wuce. Mutumin Zuru Kirista da Bakabe Musulmi suna tsoma burodi a tebur guda, abin da gidan giya bai taɓa iya haɗawa a fili ba, gama can ɗayansu a ɓoye ya ke shiga. A da rediyon mai shayi ita ce jaridar unguwa, tun da BBC ta fara watsa labaru da Hausa a 1957. Yanzu kowa da wayarsa a hannu, amma har yau labari ba ya zama labari sai an baje shi a kan tebur an tattauna.

A nan baƙo ya ke jin inda a ke ba da ɗakin haya, da wanda ya yi rashi a unguwa za a je gaisuwa da safe, da makarantar da ke neman malamin lissafi. Sai dai mu faɗi gaskiya, wurin na maza ne. Malama da aka kawo daga nesa ba ta da benci a nan, sai dai ta aiki yaro da kwano.

Argungu da kifinta

A Argungu kifi shi ne sarkin dare. Duniya ta san garin da bukin kamun kifi na Matan Fada, wanda a ke ƙirga farkonsa daga 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bukin cikin al'adun da duniya ke tattali. Amma buki na 'yan kwanaki ne, Matan Fada ma a kan hana su a cikinsa sai ranar. Kaskon mai suya shi ke aiki shekara duka, da kifin da Sarkawa ke kamowa a sauran gulbi da tafkunan fadama.

Wanda bai ci ƙarfasa da zafinta ba, an tsamo ta daga mai an barbaɗa mata yajin ƙuli, da yankakkiyar albasa a gefe, bai san abin da mu ke faɗi ba. Tarwaɗa ta fi kyau a farfesu, gama tana da maiƙo, ƙayarta kuma kaɗan ce. Giwan ruwa tsoka ne zalla, sai mai abin hannu. Ƙurungu na talaka ne, amma masana sun san romonsa. Wanda ya sha banda kuwa shi a ke kai wa gida, a marmasa a miyar kuka a ci da tuwon shinkafa. Ga hoce, ga masa, ga fura da nono, wadda mutanen nan ke kira hura. Mutum ya ci wannan a bakin hanya, iskar fadama tana kaɗawa, kwaɗi suna ta kuka, ba abin da zai rage masa daɗi sai sauro, wanda shi ma a nan ba ya wasa.

Littafin bashi

To, ga inda maganar ta shafe ku, ma'aikata da malamai. A ƙarƙashin teburin kusan kowane mai shayi akwai wani ɗan littafi da ya sha maiƙo. Sunayen da suka fi yawa a ciki na masu albashi ne. "Rubuta, sai ƙarshen wata." Shi mai shayi ba ya iya cewa a'a, don Malam ne, yana koya wa ɗansa karatu, ko kuwa wata rana takardarsa za ta bi ta teburinsa a ofis. Amma shi kullum da kuɗi hannu ya ke sayen burodi da madara da itace. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 1923 da ƙari ɗari, watau 2023, kayan nan duka suka yi tsada, jarinsa kuwa bai ƙaru ba. In albashi ya makara, shi ke ɗauke da rabin ofis a wuyansa. In aka yi wa mutum canji ya tafi bai biya ba, shafin nan ya mutu ke nan. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ai hanjin mai shayi bai kai na Gwamnati faɗi ba. Mun san teburin da irin wannan ya karya, mai shi ya koma ƙauye, kusurwar ta yi duhu.

Duhun nan kuwa ba a banza ya ke zama ba. Da aka kori kwalba, waɗansu samari sun koma ga abin da ba shi da wari, watau maganin tari mai kodin da ƙwayoyi irin su taramol. Abin ya yi yawa a Arewa har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tarin nan da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Mai shan waɗannan ba ya neman taro, kango ya ke nema da bayan makaranta. Yaron da ke zaune a benci gaban fitila, kusa da malaminsa da abokin ubansa, idon unguwa yana kansa. In ya kwana uku bai zo ba, za a tambaya.

Ba mu ce teburin ba shi da aibu ba. Akwai masu raba dare a can suna tsegumi, iyali na jira, da safe a shiga aji ana hamma. Akwai kuma maganar tsabta. Bokiti guda na ruwan wanke kofi tun magariba har sha biyun dare, a ƙasar da ciwon amai da gudawa ya kan ɓulla da damina, abin tsoro ne. A zamanin En'e duba-gari ya kan zaga ya leƙa tukwane, mutane suna jin tsoronsa. Yau aikin yana hannun ƙananan hukumomi, waɗanda suka gaji En'e a 1976. Abin da mu ke roƙonsu shi ne jami'in lafiya ya riƙa zuwa da dare, lokacin da a ke cinikin, ya nuna a sauya ruwa a sa sabulu, a rufe burodi da kifi saboda ƙuda da ƙura. In kuma za a gyara titi ko a faɗaɗa shi, a keɓe wa masu shayi da masu suya wuri mai fitila kusa da famfo, kada a watsa su kawai da sunan tsabtace gari.

Ku kuma da za ku karɓi albashi a ƙarshen watan nan, kafin a biya mai ɗinki da mai gidan haya, a fara biyawa ta wurin mai shayi a ce ya buɗe littafin.