Tarin fuka ba ya rufe ƙofar bizar aure har abada

Makonni ke nan wani saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp na mata, daga Gusau zuwa Tsafe, har ya iso Karakkai da sauran ƙauyukan Bunguɗu. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi asibitin da yake aiki ba, amma yana yanke hukunci kamar shi ke buga biza a ofishin jakadanci. Ya ce duk matar da mijinta ke son ɗauke ta zuwa Ingila ko Amurka, in tana da sikila, ko ciwon sukari, ko hawan jini, ko ƙanjamau, ta haƙura. Sai ya kawo mafi muni: wai wadda ta taɓa yin tarin fuka an haramta mata biza har abada, don haka in tana kan magani ta daina zuwa asibiti kada sunanta ya shiga rajista, ta yaga katinta, ta ɗirki madara kafin a ɗauki hoton ƙirjinta.

Gwajin da Ingila ke nema wurin ɗan Najeriya mai son zama fiye da wata 6 na tarin fuka ne, babu ruwansa da sikila ko sukari ko hawan jini ko ƙanjamau. Amurka ta cire ƙanjamau daga jerin cututtukan da ke hana shiga ƙasarta tun ranar 4 ga Janairun 2010. Madara kuwa ciki take tafiya, ba ta goge komai a huhu.

Akwai inda saƙon ya ɗan taɓa gaskiya. Saudiyya da maƙwabtanta na yankin Gulf suna gwada jinin mai neman takardar zama, kuma ƙanjamau kan hana shi samu. A Nuwamban 2025 kafofin labarai na Amurka sun ruwaito cewa an umarci jami'an biza su riƙa duba ko ciwo mai daɗewa, irin sukari ko ciwon zuciya, zai sa mutum ya dogara da aljihun gwamnati. Wannan tambaya ce ta wa zai biya kuɗin magani, kuma kowane mai nema da irin takardun da zai gabatar. Ba hani ba ne ga duk mai sukari.

Batun tarin fuka shi ne mai iya kashe mutum. Abin da ƙasashen nan ke tsoro shi ne ciwo mai rai a huhu, wanda mai shi ke yaɗawa da tari. Mai neman bizar Ingila kan je asibitin hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IOM, a Abuja ko Legas, a ɗauki hoton ƙirjinsa. In hoton ya fito wasai, a ba shi takardar shaida mai aiki na wata 6. In likita ya ga tabo, sai a karɓi kaki sau uku, a jira sakamako har zuwa mako 8. Tabon tsohon ciwo da ya warke ba ya haifar da ƙwayar cuta a kaki, mai shi yana karɓar takardarsa. Wanda aka samu ciwon a jikinsa kuma ba a kore shi ke nan ba: zai sha magani ya kammala, ya dawo a sake gwadawa. Amurka ma haka take yi, tana jinkirta bizar har sai an gama magani. A gwajin Ingila, mai juna biyu tana da zaɓi, ko hoto da kariya ta musamman, ko gwajin kaki, ko ta jira sai ta haihu.

To me zai faru da wadda ta bi shawarar saƙon? Maganin tarin fuka wata 6 ake sha, haɗin ƙwayoyi huɗu a watanni biyun farko, biyu a sauran huɗun. Bayan 'yan makonni tari kan lafa, jiki ya fara dawowa, amma ƙwayar cutar ba ta gama mutuwa ba. Wadda ta ajiye magani a nan ta ba ciwon damar dawowa, wani lokacin da nau'in da ba ya jin maganin farko, wanda jinyarsa ta fi wuya. Kafin nan ta yaɗa wa 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Kuma ranar gwaji hoton zai nuna, kakin zai tabbatar. Katin da aka ce ta yaga shi ne shaidar da likita zai so gani cewa ta sha magani ta warke. Ƙarya a gaban likitan biza ma laifi ce mai zaman kanta. A dokar Amurka, ɓoye gaskiya da gangan don samun biza na iya jawo haramci na dindindin, wanda tarin fuka ba ya jawowa.

Matan da suka gaskata saƙon ba wawaye ba ne. A ƙauye har yau mai tarin fuka akan ware mata ƙoƙo da kwano, dangin miji su riƙa raɗa. Ga miji can yana fama: tun Afrilun 2024 Ingila ke neman mai ɗaukar matarsa ya nuna yana samun fam 29,000 a shekara, ban da kuɗin biza da na lafiya. Wace mace ce za ta so a ce ciwonta ne ya salwantar da wannan wahala? Laifin yana wuyan wanda ya zauna ya naɗi muryarsa yana hana marasa lafiya magani, da masu turawa gaba ba tare da sun tambayi ko da malamin asibitin garinsu ba.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ciki har da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Duk wadda tari ya kai mako 2 a jikinta, ko take zufar dare da rama, ta je a gwada kakinta tun mijin bai fara cike takardu ba. Wadda ta riga ta warke kuma ta adana katinta da tsohon hoton ƙirjinta, ta tafi da su Abuja ranar gwaji.