Me ya sa taya ke saurin mutuwa a hanyoyin Nijar?

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai, ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni da Maraɗi har zuwa Damagaram, ya san baƙaƙen ɓallin robar nan da ke zube a gefen kwalta. Kowane ɗaya daga cikinsu taya ce da ta fashe ana cikin gudu. Wani direban ya yi sa'a ya tsayar da motarsa lafiya, wani kuwa sai dai labari. Idan haka ta faru akan ce tsautsayi ne, amma sau da yawa tayar ta daɗe tana nuna alamu, ba a dai duba ba ne.

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan waɗannan tafuka huɗu ne birki da sitiyari da rayukan fasinjoji suka dogara.

Shekara nawa, kilomita nawa?

A ƙasashen da ke da hanyoyi masu kyau, tayar ƙaramar mota takan yi tafiyar kilomita 40,000 zuwa 60,000 kafin ta cinye. Motar hayar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Damagaram, tafiyar kilomita kusan 900, za ta iya cika kilomita 40,000 a zuwa da dawowa 22 kacal, ko da hanyar ba ta da rami ko ɗaya.

Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin milimita 8 ko kusa da haka. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta hana hawa kan hanya da tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6. A cikin kwarin zanen akwai wasu ƴan tudun roba da kamfani ya saka da gangan. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, aikinta ya ƙare. Wannan zanen ne ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, shi ya sa motar da tayoyinta suka cinye ke sulɓi da damina.

Sai dai taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Roba na bushewa a hankali, tana tsagewa, rana da zafi kuma na gaggauta hakan. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya wurin gwani kowace shekara da zarar ta cika shekara 5 tana aiki, a kuma cire ta idan ta kai shekara 10 da ƙerawa, komai kyan zanenta. Wasu kamfanonin ƙera motoci, irin su Ford, shekara 6 suka yanke.

Sanin shekarun taya ba ya buƙatar makanike. A jikinta akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 2319, an ƙera ta ne a mako na 23 na shekarar 2019.

Iska da zafi

Babu abin da ke kashe taya da wuri kamar ƙarancin iska. Idan iska ta yi kaɗan, gefen taya na lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsin kuma yana haifar da zafi a cikinta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Tawa da Ƙonni, kwaltar kanta kuma ke iya wuce digiri 60, zafin ciki da na waje na haɗuwa su raba roba da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita. Daga nan sai fashewa.

Amurka ta koyi wannan darasi da tsada. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, galibinsu na motocin Ford Explorer, saboda fuskarsu na ɓallewa ana cikin gudu. Hukumomin ƙasar sun danganta mutuwar mutane 271 da waɗannan tayoyi. Matsalar ta fi yawa a jihohi masu zafi, kuma tun a 1999 Ford ya fara canza irin tayoyin a Saudiyya. Bayan kuskuren ƙira, an yi ta muhawara kan ƙarancin iskar da aka ce a riƙa sa musu. Sakamakon haka, tun daga 2007 doka ta tilasta wa sababbin ƙananan motoci a Amurka ɗaukar na'urar da ke gargaɗin direba idan iska ta ragu. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014.

Lafiyayyar taya ma tana rasa ƴar iska kowane wata, don haka ya kamata a auna ta aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma kafin doguwar tafiya. Ana auna ta ne da sanyinta, da safe kafin mota ta yi nisa. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda da ke manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a zuba mata ba. Bugun taya da ƙafa ko da ƙarfe ba awo ba ne.

Akwai kuma wani kuskure da ya zama ruwan dare: direba ya tsaya da tsakar rana, ya ji taya ta yi zafi, sai ya rage mata iska don kada ta fashe. Hauhawar iska idan taya ta ɗauki zafi abu ne da masu ƙera ta suka riga suka lissafa. Wanda ya rage, ya ƙara mata lanƙwasa ne, wato ya ƙara mata zafi.

Lodi, rami da saiti

Kowace taya na da iyakar nauyinta. A rubutu kamar 195/65 R15 91H, lambar 91 na nufin kilo 615, harafin H kuma gudun kilomita 210 a awa. Idan aka cika bayan mota da buhunan albasa ko na gero, aka ɗaura wasu a sama, galibin nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka, kuma su ne ke fara gazawa.

Ramuka na yin ɓarnar da ido bai cika gani nan take ba. Faɗawa rami da gudu na iya tsinka zaren da ke cikin gefen taya, bayan ƴan kwanaki sai a ga wani ƙullutu ya fito kamar ƙwai. Wannan ba ya facuwa, haka ma hujin da ke gefe. Maganinsu canji. Hanyar burji mai gargada kuma tana kwance saitin ƙafafun mota, tana kashe shokozoba.

Yanayin cinyewar taya na faɗin abin da ke damun mota. Idan gefe biyu suka cinye tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafa ya goce. Idan kuma cinyewar tsalle-tsalle ce, wani wuri tudu wani wuri kwari, a duba shokozoba. Sa sabuwar taya ba tare da gyara musabbabin ba, asarar kuɗi ce. Sauya wa tayoyin gaba da na baya wuri bayan kowane kilomita 8,000 zuwa 10,000 na sa su cinye daidai da juna.

Lissafin tayar gwanjo

Saboda tsadar sabuwa, masu motoci da yawa tayar gwanjo suke saye. Amma araha ba ta ado. Sabuwar taya mai zanen milimita 8 tana da milimita 6.4 na aiki kafin ta kai iyakar 1.6. Ta gwanjo mai milimita 4 kuwa saura mata 2.4, wato kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya. Wanda ya saye ta rabin kuɗin sabuwa ya biya fiye da abin da ya samu, ga shi bai san ramin da ta taɓa faɗawa ba. Maƙwabciya Najeriya ma ta sa tayoyin gwanjo cikin jerin kayan da ta hana shigowa da su.

Ƴan ƙasar da ke zaune a Turai suna aiko wa gida motoci su ma akwai abin lura. Mota daga Beljiyam ko Jamus na iya zuwa da tayoyin hunturu, waɗanda ake ganewa da hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa. An yi robarsu da taushi ne don sanyin da ya gaza digiri 7. A kan kwaltar Tawa da bazara, nan da nan suke cinyewa, birki kuma ba ya kamawa yadda ya kamata. Wanda ya aiko da mota, ya haɗa da kuɗin tayoyin da suka dace da zafi.

Idan kuɗin guda biyu kawai ake da shi, masu ƙera taya na cewa a sa sababbin a baya, domin idan bayan mota ya kufce ya fi wuyar dawowa. Kada kuma a manta da safaya, wadda kan yi shekaru a ɗaure ba a duba iskarta ba.

Idan kuwa taya ta fashe ana cikin gudu, taka birki da ƙarfi shi ne ke kifar da mota. Abin yi shi ne a riƙe sitiyari gam da hannu biyu, a saki totur a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta kafin a ratse gefe.

Lokacin Sallah da hutun makarantu, tashoshi na cika, motoci na yin lodi fiye da kima. Minti biyar a wurin mai faci, a auna iska, a karanta lambobi huɗun nan, a shafa gefen taya da hannu, ba za su makarar da kowa ba. Fasinja ma na da ikon zagaya mota ya dubi tayoyinta kafin ya biya kuɗin kujera.